Cinyar Uwa Ba Ɗamara Ba Ce: Yadda Za A Ɗauki Yara Masu Naƙasa A Mota

Duk wanda ya tsaya a ƙofar babban asibiti ranar ganin likitan yara, zai ga iyaye mata suna saukowa daga mota, kowacce rungume da ɗanta wanda ba ya iya zama da kansa. A ganinsu babu wurin da ya fi cinyar uwa aminci. Amma kuwa a cikin mota mai gudu, abin ba haka yake ba.

In motar da ke gudun kilomita 50 cikin awa ta yi karo, wanda ba ya ɗaure tamkar ya faɗo ne daga bene mai tsawon mita 10. Babu hannun da zai iya riƙe yaro a wannan lokaci, sau da yawa ma nauyin uwar ne zai danne shi.

Ɗamarar da ke bi ta kafaɗa da ƙugu, wani injiniya ne na kamfanin Volvo a ƙasar Suwidin, Nils Bohlin, ya ƙago ta a 1959. A Nijeriya kuwa, Hukumar Kiyaye Haɗurra ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1988, ta soma tilasta ɗaura ta a watan Janairun 2003. To, sai dai an auna ɗamarar nan ne da jikin babban mutum lafiyayye. In aka ɗaura wa ƙaramin yaro, sai ta sauka bisa wuyansa da cikinsa, maimakon ƙashin kafaɗa da na ƙugu. Shi ya sa aka yi kujerar yara, wadda ake ɗaure ta a kujerar baya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce irin wannan kujera tana iya rage mutuwar jarirai a haɗari da kashi 71 cikin ɗari.

Yaro mai naƙasa ya fi kowa bukatarta. Wanda wuyansa ba ya ɗaukar kansa, ko mai ruwa a ka, a zaunar da shi yana fuskantar baya har iyakar nauyin da aka rubuta a jikin kujerar, domin ta haka ne bayan kujera zai tallafi kai da wuya. In jikinsa na karkacewa, a naɗe tawul a tokare gefensa dama da hagu. Kada a sa matashi a bayansa ko ƙarƙashinsa, gama yakan lotse a lokacin karo, ɗamara ta yi sako-sako. Haka nan kada a ɗaure kan yaro da ɗankwali a jikin kujera, don in jiki ya yi gaba kai na ɗaure, wuya ne zai sha wuya.

Mai keken guragu kuwa, abin da ya fi shi ne a sauke shi a zaunar a kujerar mota, keken a ɗaure shi a but. In ba makawa sai a kan keken, to a juya shi ya fuskanci gaba, a ɗaure shi da ƙasan motar ta kusurwa huɗu, sannan yaron a ɗaura masa ɗamarar mota. Igiyar da ke jikin keke ta gyara zama ce kurum, ba ta jure karo.

Yaron da ke da larurar ƙwaƙwalwa yana yawan kwance ɗamara, a danna makullin yara da ke gefen ƙofar baya, wani babba kuma ya zauna kusa da shi. Haka shi ma mai farfaɗiya. In ta tashi, direba ya ratse ya tsaya tukuna kafin a kwance shi. Ko kusa kada a sa ɗayansu a gaba, inda jakar iska ke fashewa da ƙarfi.

Gaskiya ne kujerar nan tana da tsada, mafi yawan iyaye kuma motar haya suke shiga. Duk da haka, a kujerar baya a zauna, kada kuma uwa da ɗa su shiga ɗamara ɗaya. Mai hali kuwa ya nemi shawarar likitan gashin ƙashi tun kafin ya sayi kujera, ba a fafe gora ranar tafiya. Allah ya kiyaye hanya, amin.