Tsibiri da Basasar Gobirawa a Ƙarni na 19

1. Gabatarwa

Manufar wannan maƙala ita ce nazarin matsayin garin Tsibiri cikin rarrabuwar da ta auku a gidan sarautar Gobir wajajen 1860. Sau da yawa akan bayar da tarihin Gulbin Maraɗi a ƙarni na 19 tamkar yaƙi ne tsakanin ɓangare biyu kawai, wato Sakkwato da waɗanda suka ƙi miƙa mata wuya. A ganinmu wannan bayani bai wadatar ba, domin abin da ya fi raunana Gobirawa ya fito ne daga cikin gidansu.

2. Kafuwar garin

Tsibiri ba cikin hamada take ba, amma tarihinta a ɗaure yake da arewa. Labarun baka na Gobirawa sun nuna cewa kakanninsu sun zauna a Abzin, sa'an nan suka gangaro Birnin Lalle, kafin su gina Alƙalawa. A 1808 mayaƙan jihadi suka ci Alƙalawa, aka kashe Sarki Yunfa, gidan sarauta ya watse. A 1836 kuma, a Gawakuke, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya karya rundunar haɗin gwiwa ta Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da Abzinawan Ibra. Sarkin Gobir Ali da Sarkin Katsina Rauda duk sun kwanta dama a wurin.

Bayan wannan karayar ne Mayaƙi ya kafa Tsibiri a bakin gulbi, ƴan kilomitoci arewa maso yamma da Maraɗi, da taimakon Ɗan Mari, magajin Rauda. Ke nan, tun farko garin sansani ne na masu gudun hijira, waɗanda abin da ya haɗa su shi ne alkawarin komawa ƙasar kakanni da ƙarfin takobi.

3. Ginshiƙan ƙarfinta

Muna iya kasa ƙarfin Tsibiri gida uku. Na farko, ƙawance da Maraɗi: kusancin garuruwan ya sa kai wa ɗaya hari daidai yake da kai wa duka biyu. Na biyu, fadamar gulbi, daga Jiratawa a kudu har zuwa Tsibiri, inda manoma, akasarinsu anna, ke samar da hatsin da ke ciyar da mahaya da dawakinsu. Na uku, hulɗa da Abzinawa, masu kawo gishiri su sayi hatsi. Sai dai wannan ginshiƙi na uku bai da tabbas, domin ayari na bukatar kasuwa ta kowane ɓangare.

A cikin gida kuwa, sarki bai mulki shi kaɗai. Akwai Taran Gobir, majalisar masu naɗin sarki, akwai kuma Inna, shugabar mata da ta bori. Tun da kowane ɗan sarki na iya neman gado, duk wanda bai samu ba yana da damar neman goyon baya a waje.

Da waɗannan ginshiƙai Tsibiri ta hana Sakkwato barci a zamanin Aliyu Babba (1842-1859). Lokacin da Heinrich Barth ya gana da shi a 1853, ya iske shi ne a sansani yana shirin fita yaƙi da Gobirawa.

4. Rarrabuwar gida

Sarkin Musulmi Ahmadu ɗan Atiku (1859-1866) ya bi wata hanya dabam. A zamanin Sarkin Gobir Bawa ɗan Gwamki, wani ɗan gidan sarauta da aka sani da Ɗan Halima ya bar Tsibiri da mutanensa, ya yi amana da Sakkwato, aka yarje masa ya gina Sabon Birni kusa da kufan Alƙalawa.

Ya kamata mu lura da nauyin wannan zaɓi na wuri. Abin da Tsibiri ta yi shekara fiye da 20 tana alkawarta wa mutanenta ta hanyar yaƙi, ga shi Sabon Birni ta bayar ta hanyar sulhu. Daga nan tambayar ta sauya. A da ana tambayar yadda za a ƙwato Gobir. Yanzu ana tambayar wane ne Sarkin Gobir na gaskiya. Tsibiri ta riƙe hujjar ƴanci, tana jingine da Maraɗin Ɗan Baskore, wanda M. G. Smith ya sanya mulkinsa tsakanin 1854 da 1875. Sabon Birni kuwa ta riƙe hujjar ƙasa. Sakkwato ta samu garkuwa a iyakarta ta arewa maso gabas, garkuwar da Gobirawa ne da kansu ke riƙe da ita.

5. Kammalawa

Turawa ba su ɗinke wannan ɓaraka ba, sai ma suka mayar da ita doka. Yarjejeniyoyin Faransa da Ingila na 1904 da 1906, da aikin shata iyaka na tawagar Tilho, sun bar Tsibiri a hannun Faransawa, Sabon Birni a hannun Ingilishi. Labarun da Landeroin ya tattara cikin wannan tawaga sun zama tushen yawancin abin da aka rubuta daga baya, don haka wajibi ne mai bincike ya tambayi daga bakin wane ɓangare aka ji kowane labari.

Gulbin da ya ratsa Jiratawa da Maraɗi da Tsibiri shi ne ke gangarawa yamma ya koma Nijeriya ya haɗu da Rima a yankin Sabon Birni. A 2019, da ƴan bindiga suka addabi gabashin jihar Sakkwato, dubban mutane sun ƙetaro zuwa gundumar Gidan Rumji, wadda Tsibiri ke ciki. Muna ba ɗalibai shawarar su tattara labarun baka daga garuruwan biyu, su kwatanta su, tun dattawan da suka gaje su suna raye.