Ina Ciyayya Ta Tafi? Neman Farin Ciki Daga Ƙanƙara Zuwa Sabuwa

Na san wani zai ce rashin tausayi ne mutum ya ɗauki alƙalami ya ce zai yi magana kan farin ciki, sannan ya ambaci Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa. Ba zan ga laifin mai wannan tunani ba. Waɗannan ƙananan hukumomi uku suna cikin takwas ɗin da ke bakin daji a Jihar Katsina, tare da Jibiya, Batsari, Safana, Ɗanmusa da Ɗandume. Tun harin watan Maris na 2014, wanda ya hallaka gomman mutane a ƙauyukan Faskari da Sabuwa, da wuya sunayensu su fito a rediyo ba tare da labarin kisa ko garkuwa ba. Idan mai karatu bai manta ba, a daren 11 ga Disambar 2020 ne 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora ɗalibai zuwa daji, sai bayan kwana shida aka sako 344. Wanda ya rayu cikin irin wannan hali bai cancanci a yi masa lacca kan murmushi ba, kuma ba ita na zo yi ba.

Abin da ya sa ni wannan rubutu wata magana ce da kawuna ya gaya mini. Dattijo ne manomi daga wani ƙauye a ƙasar Faskari, wanda rashin tsaro ya tilasta masa kama hayar ɗaki biyu a Funtuwa. Da na je gaishe shi, bayan mun taɓa hira, sai na tambaye shi, na ce, "Kawu, a duk abin da aka bari a gida, me ya fi tsaya maka a rai?" Na ɗauka zai ce gona, ko shanun huɗa da aka kora. Ya yi shiru na ɗan lokaci, sannan ya ce, "Ɗan nan, gona ai ƙasa ce, tana nan tana jirana. Abin da ke damuna shi ne shekara uku ke nan ina cin tuwo a ƙuryar ɗaki ni kaɗai, kamar wanda ya sato shi."

Ciyayya yake nufi. Ga waɗanda suka tashi a bayan katanga mai get, bari in ɗan yi bayani. A garuruwanmu na da, da an idar da sallar magariba ko isha'i, kowane magidanci zai sa a fito masa da akushinsa zuwa zaure ko ƙofar gidan babba a unguwa. A baje tabarma, a jera kwanuka, wannan tuwon dawa da miyar kuka, wancan na masara da kuɓewa, a buɗe ɗaya a cinye, a jawo na gaba. Babu mai cewa wannan nawa ne. A cikin gidaje ma mata suna da tasu, ta hanyar aiken yara da kwano daga wannan gida zuwa wancan, kuma kwano ba ya komawa wayam.

Wanda ya kalli abin daga nesa zai ce cin abinci ne kawai, alhali ba ƙaramar hikima ke cikinsa ba. Na farko akwai rufin asiri. Mutumin da ba a ɗora tukunya a gidansa ba ran nan zai zo ya zauna ya ci ya ƙoshi, ba wanda zai tambaye shi ina kwanonsa, kuma kafin ya koma an san yadda aka yi aka tura wa iyalinsa wani abu ta bayan gida. Baƙon da dare ya yi masa, da gwauro, da almajirin da ya zo a makare, duk suna da rabo. Sannan tabarmar nan ita ce rajistar unguwa. Idan aka buɗe kwano ba a ga wane ba, nan take za a ce, "Kai yaro, je ka duba ko lafiya." Mutum ba ya kwana biyu da ciwo ko ɓacin rai ba a sani ba. Rikicin iyakar gona, da maganar auren da ke tangal-tangal, da ranar da za a yi wa wane gayya, yawanci a nan ake kashe su kafin su kai gaban mai unguwa, domin da kunya ka ɗaga murya ga wanda yanzun nan kuka tsoma hannu a kwano ɗaya.

Abin mamaki, wannan da kakanninmu suka sani ba tare da shiga aji ba, shi ne masana ke aunawa yanzu da alƙaluma. Rahoton Farin Ciki na Duniya na 2025 ya keɓe babi guda kan cin abinci tare. Kamfanin Gallup ya tambayi mutane a ƙasashe 142 sau nawa suka ci abincin rana ko na dare da wani a makon da ya gabata. Senegal ce ta zo kan gaba, da kusan sau 12 cikin 14. A Amurka kuwa, a 2023, kusan mutum ɗaya cikin huɗu ya ce duk abincin da ya ci jiya shi kaɗai ya ci. Masu rahoton sun gano cewa yawan cin abinci tare da wasu yana nuna gamsuwar mutum da rayuwarsa kusan kamar yadda samun kuɗi ko samun aiki ke nunawa. Haka kuma binciken Jami'ar Harvard, wanda aka fara a 1938 ana bin rayuwar maza 724 har tsufansu, ya nuna cewa kyakkyawar mu'amala da mutane ta fi dukiya da suna tasiri wajen lafiya da kwanciyar hankali. Ban ɗauki waɗannan alƙaluma kamar wahayi ba. A 2003 mujallar New Scientist ta buga cewa 'yan Nijeriya ne suka fi kowa farin ciki a duniya, a 2025 kuma wancan rahoton ya ajiye mu a mataki na 105 cikin 147, kuma ma'aunan biyu ba ɗaya ba ne. Amma dai a kan maganar kwano, masana da kawuna bakinsu ya zo ɗaya.

To me ya kashe ciyayya? Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata: ta fara ciwo tun kafin zuwan ɓarayin daji. Mu 'yan boko muka fara janye kwanukanmu. Muka gina gidaje babu zaure, muka koma cin abinci a falo gaban talabijin, daga baya kowa ya duƙufa kan wayarsa. Ɓarayi sun zo ne suka ƙarasa ta, kuma ba da bindiga kaɗai ba. Babban makaminsu shi ne zargi. Tun da kalmar infoma ta shigo bakin mutane, maƙwabci ya koma abin tsoro. Wannan yanki ne da ya yi suna da audugar Daudawa, yankin da shirin bunƙasa noma na Funtuwa, wanda aka fara a 1975 da tallafin Bankin Duniya, ya mayar da shi rumbun masara. A da, mutum kan yi alfahari da yawan buhunan da ya samu. Sai aka wayi gari wanda ya yi noma mai kyau yana ɓoye amfaninsa, wanda ya sayi sabon babur yana fargabar hawansa, wanda aka yi wa miya da nama ba ya son a gani, kada labari ya kai daji. Ta yaya za a yi ciyayya a garin da ake tsoron a ga abin da ke cikin kwano?

Matakan da gwamnatin Aminu Bello Masari ta ɗauka a 2021, duk da cewa don tsaro aka yi su, sun ƙara nesanta jama'a da juna. An dakatar da kasuwannin dabbobi a ƙananan hukumomi da dama, har da waɗannan uku, an hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, sannan a watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13. Wanda bai san ƙauye ba zai ɗauka kasuwa wurin ciniki ce kawai. Ranar kasuwa ita ce ranar da ake ganin 'yan'uwa, a ji wanda ya haihu da wanda ya rasu, a aika tsaraba, a biya bashi, a ci wani. A watannin nan na ga mutane sun koma rubuta wasiƙa suna ba direbobi a tasha, na kuma ga yadda wasu ke yin tafiya mai nisa don kawai su ji muryar ɗansu na minti biyu.

A nan ne nake son in juyo gare mu, mu da Allah Ya ba ilimi da albashi, muke zaune a Katsina da Kaduna da Kano da Abuja. Da yawanmu mun daina zuwa gida, kuma uzurinmu karɓaɓɓe ne, domin ma'aikaci a kan waccan hanya nama ne. Sai muka mayar da zumunci ya zama tura kuɗi ta banki. Madalla da wannan, kada a fasa. Amma mu tambayi kanmu, yaushe rabon da mu kira wani dattijo a gida ba don an yi rasuwa ba, ba don amsa wata buƙata ba, sai don gaisuwa kawai? Da yawanmu da mun ga lambar ƙauye sai mu haɗe rai, mun riga mun yanke hukuncin roƙo ne. Gaisuwar Bahaushe mai tsawo, ina kwana, ina gajiya, ina aiki, yaya iyali, yaya ruwa, yaya jikin wance, mun taƙaita ta zuwa "ya dai?" Muna ganin ɓata lokaci ce, alhali kowace tambaya a cikinta ƙofa ce da ake buɗe wa mutum ko yana da abin da zai sauke daga ƙirjinsa. Hausawa sun ce zumunci a ƙafa yake. Inda ƙafa ta kasa zuwa, ai murya na iya isa, kuma minti biyar bayan sallar asuba ba zai hana kowa zuwa ofis ba.

Akwai kuma wata ɗabi'a da muka ɗauka muna zaton kishin gida ce. Da mutum ya buɗe ido, kafin ya ce wa iyalinsa sannu, sai ya shiga zauren WhatsApp na 'yan garinsu ya kalli hotunan gawawwaki, ya tura wa wasu, haka kuma zai yi kafin ya kwanta. Wannan bai taɓa ceto ko mutum ɗaya ba. Abin da yake yi shi ne ya hana barci, ya sa maigida ya riƙa huce haushi a kan 'ya'yansa, ya kuma keta mutuncin mamaci. Sanin halin da ake ciki wajibi ne, amma a ware masa lokaci, in an ji kuma a yi wani abu: a kira a yi jaje, a haɗa gudummawa, a matsa wa wakilai. Mafi muni shi ne yaɗa sunan wani da cewa infoma ne ba tare da hujja ba. A yankinmu wannan kalma na iya zama ajalin mutum.

Kada a fahimce ni a baibai. Ba cewa nake talaka ya yi haƙuri ya ci tuwo da maƙwabcinsa shi ke nan ba. An daɗe ana amfani da kalmar haƙuri wajen rufe bakin wanda aka zalunta. Malamai kan karantar da mu cewa aminci a gida, da lafiyar jiki, da abincin yini su ne ginshiƙan jin daɗin duniya, kuma na farkonsu haƙƙi ne a wuyan hukuma. Gwamna Dikko Umaru Raɗɗa ya ƙaddamar da rundunar tsaron al'umma a Oktoban 2023 da dakaru 1,466, a 2025 kuma an yi zaman sulhu da 'yan bindiga a ƙananan hukumomi da dama, har da Faskari, abin da ra'ayoyi suka rabu a kansa. Ko wace hanya ce ta yi nasara, iyakar abin da hukuma za ta iya shi ne ta buɗe hanya da kasuwa da gona. Ba ta da dokar da za ta sa mutum ya sake amincewa da maƙwabcinsa. Wannan aiki ne na yau da gobe, kuma ba sai an jira ranar da daji zai yi tsit za a fara shi ba. Maigida ya ajiye waya ya ci abinci ko sau ɗaya a yini tare da iyalinsa. 'Yan unguwa su zaɓi ko daren Juma'a ne su fito da kwanuka ƙofar masallaci. In akwai ɗan gudun hijira a layin, wanda a garinsu shi ma mai zaure ne, a jawo shi kan tabarma a matsayin abokin ci, kada a tsaya a aika masa da sadaka.

Bayan wasu watanni na sake komawa Funtuwa, na isa ana kiran magariba. Da muka fito daga masallaci sai na ga kawu bai shiga gida ba, ya nufi gindin wani dalbejiya inda aka shimfiɗa tabarma. Su huɗu ne: shi, da wani dattijo daga ƙasar Sabuwa, da wani daga Ƙanƙara, da mai gidan da suke haya. Kwano uku aka fito da su ran nan, ba wanda ya tambayi na huɗun. Suka yi ta gardama kan ko masarar wane yanki ta fi auki, mutumin Sabuwa yana tsokanar kawu cewa miyarsa ba ta ji daddawa ba. Rabon da in ji dariyar kawu irin ta daren nan tun ina yaro. Da na tashi tafiya ya rako ni bakin mota, ya riƙe hannuna ya ce, "In za ka sake zuwa, ka ce wa mai ɗakinka ta zubo naka. Yau dai an yi maka uzurin baƙo, amma mai albashi ba ya zuwa mana hannu rabbana."