Leda mai ruɓewa: yadda ake yin ta da yis

Manoma da makiyayan Matamaye sun san ɓarnar baƙar leda. Ana kwaso takin bola daga gari a kai gona, leda na ciki. Tana shekaru a ƙasa ba ta ruɓe ba. Akuya ko tunkiya in ta ci ta, sai ta cunkushe mata tumbi, ta bar kiwo, ta rame, wani lokaci ta mutu. Saboda haka gwamnatin Nijar ta kafa doka ranar 5 ga Nuwamba 2014, ta hana yin wannan leda da shigo da ita da sayar da ita. Amma har yau tana nan a kasuwanni.

Me ya sa ba ta ruɓewa? Da man fetur ake yin ta, kuma ƙwayoyin halittar da ke ruɓar da kashin shanu da karan gero ba su iya cin ta.

Akwai wata leda da ake yi da amfanin gona. Kun san yis, wanda ake sa wa kwaɓin burodi ya kumbura. Abu ne mai rai, sukari yake ci. Masana sun sauya gādon halittar wani irin yis, suka sa yana mai da sukari ya zama irin tsamin da ke cikin nono. Tun shekara ta 2008 kamfanin Cargill ke aiki da shi a garin Blair na Amurka, da sukarin masara. Wannan tsami ne ake dafawa a masana'anta ya zama roba mai suna PLA. Da sukarin rake ma ana iya yin ta, irin raken fadamunmu.

Sai dai a kula. Ta fi leda tsada. Kuma ba ta ruɓewa da wuri sai cikin tulin taki mai laima, wanda zafinsa ya kai awo 60. In an yar da ita a fili, daɗewa take yi, dabba kuma tana iya cin ta.

Don haka aikin yana hannunmu. Mu tsince leda daga taki kafin jaki ko amalanke su kai shi gona. Mu riƙa zuwa kasuwa da kwando ko ƙwarya. Dabbar da cikinta ya kumbura alhali tana ramewa, a gaggauta kai ta wurin likitan dabbobi.