Idan Na'urar Ɗumama Abinci Ta Ƙi Aiki

Na'urar ɗumama abinci, wadda aka fi sani da maikurowef, ta samo asali ne a Amurka, inda wani injiniya na kamfanin Raytheon mai suna Percy Spencer ya gano a shekarar 1945 cewa igiyoyin da na'urar rada ke fitarwa suna iya dafa abinci. A 1967 aka fara sayar da ƙaramarta ta ɗora wa tebur. Yau ta shiga gidajen ma'aikata da ɗakunan ɗalibai, ta sauƙaƙa ɗumamen safe. Sai dai ran da ta ƙi aiki, da yawa sukan ɗauko sukundireba su kwance bayanta, alhali kuwa nan ne haɗarin yake.

A cikinta akwai wani kwalba-kwalban ƙarfe da ake kira maganatiron, shi ke haifar da igiyoyin da ke girgiza ruwan da ke jikin abinci har ya yi zafi. Domin ya yi aiki, sai an ɗaga ƙarfin wutar gida, wato bolt 230, zuwa dubbai. Akwai kuma kafasita, ma'ajiyar wuta, wadda kan iya riƙe sama da bolt 2,000 ko bayan an zare fulogi daga bango. Wannan wuta tana kisa nan take. Saboda haka iyakar mai gida ita ce murfin ƙarfen nan na waje.

Amma kafin a kai ga murfin akwai abubuwan dubawa da yawa. In na'ura ta mutu murus, ba haske ba ƙara, a fara gwada soket ɗin da wani abu, kamar dutsen guga, sa'an nan a duba fiyus mai amfiya 13 da ke cikin fulogi. In tana juyi amma abinci ya ƙi zafi sosai, kada a yi saurin ɗora mata laifi. Sau da yawa wutar ce ta zo da rauni, ko kuwa ƙaramin janareta ne aka ɗora wa nauyin da ya fi ƙarfinsa, domin na'urar kan ja fiye da wat 1,000. A jira wuta ta daidaita, a sa kofin ruwa ɗaya na minti biyu ko uku. In ruwan ya yi zafi ƙwarai, lafiyarta lau.

Tartsatsi shi ya fi firgita uwargida, kuma shi ya fi sauƙin magani. Kwanon samira, cokali, takardar alminiyam, har farantin tangaran mai zanen zinariya a baki, duk suna jawo shi. In an cire waɗannan bai daina ba, a dubi bangon ciki, akwai wani ɗan allo mai kama da kwali wanda ke rufe ƙofar da igiyoyin ke fitowa. Maiƙon miya kan taru a kansa, ya ƙone, ya zama gawayi, daga nan sai tartsatsi. A zare fulogi a goge shi. In ya huje, ana sayar da irinsa, kuma ana sauya shi ba tare da an kwance murfi ba. Farantin da ya ƙi juyawa kuwa, galibi ya sauka ne daga mazauninsa, ko tsakin abinci ya toshe ƙafafun zoben da ke ƙarƙashinsa.

Akwai alamun da in an gan su, sai wajen mai gyara. Ga fitila na ci, ga faranti na juyawa, wuta kuma da ƙarfinta, amma ruwan kofi yana nan da sanyinsa: wannan maganatiron ne, ko kafasita, ko dayod. Haka kuma gurnani mai ƙarfi da ba a saba ji ba, ko ƙaurin waya, ko fiyus da ke ƙonewa duk lokacin da aka buɗe ƙofa ko aka rufe ta. Wannan na ƙarshe yakan nuna ɗaya daga makunnan tsaro na ƙofa ya lalace, kuma da gangan aka ƙera na'urar ta ƙone fiyus maimakon ta yi aiki ƙofa a buɗe. Mai gyaran da ya ce zai haɗa wayoyin kai tsaye ya tsallake makunnin, a karɓe kayan daga hannunsa. Ƙofar da ta lanƙwashe, ko ragar gilashinta ta yage, ita ma a daina kunnawa sai an gyara.

Masu sayen ta gwanjo su karanta takardar da ke manne a bayanta tun a kasuwa. Wadda aka yi don Amurka bolt 120 take sha, in aka cusa ta a soket ɗinmu ba tare da tiransifoma ba, ƙonewa za ta yi. Kuma a kowane hali kada a kunna ta ba komai a ciki, domin igiyoyin da suka rasa abin da zai shanye su kan koma su lalata maganatiron, wanda kuɗin sauya shi a tsohuwar na'ura kan kusan kai na sayen wata.