Korona Ba Ta Tsaya A Ƙirji Kaɗai Ba

Yau zancenmu ba na gero ba ne, ba na gujiya ba. Na lafiyar kanka ne.

Ka tuna da korona. Ta ɓulla a Wuhan, ƙasar Sin, a ƙarshen 2019. Ran 19 ga Maris 2020 aka same ta a Yamai, ba a daɗe ba ta iso Damagaram. A Mayu 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce tsananinta ya wuce. Amma ƙwayar cutar tana nan.

Kowa ya san ta da tari, da masassara, da sarƙewar numfashi. Abin da ba kowa ya sani ba, tana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Ga hanyoyi uku.

Ta ɗaya, hanci. Can sama cikin hanci akwai jijiyoyi masu kai labarin ƙamshi da wari ga ƙwaƙwalwa. Cutar tana kumbura wurin. Sai a aje maka miyar kuka da daddawa, ba ka ji komi ba. Galibi jin yana dawowa bayan ƴan makonni. Kafin nan, kada ka yi feshin maganin ƙwari. Kada ka kwana kusa da wuta kai kaɗai. Hancinka ba zai gargaɗe ka ba.

Ta biyu, jini. Cutar tana iya sa jini ya yi guda, ya toshe hanyar ƙwaƙwalwa. In ka ga bakin mutum ya karkace, ko ɓarin jikinsa ya mutu, ko magana ta gagare shi, kada a jira gobe. Haka in tsoho mai tari ya ruɗe, har bai gane ɗiyansa ba. Kada a ce iskoki ne. Sau da yawa iskar numfashi ce ba ta ishi ƙwaƙwalwa ba. A nemi amalanke ko mota, a kai shi likita mafi kusa. Daga can za a iya tura shi babban asibitin Damagaram. Tsofaffi da masu hawan jini da ciwon sukari sun fi shiga hatsari.

Ta uku, bayan warkewa. Wani tarin ya wuce, amma wata uku ko fiye yana fama da mantuwa, da ciwon kai, da rashin barci. Ya ɗauki hauya, ya yi kunya biyu, ya zauna. Wannan ba ragwanci ba ne, ba sammu ba ne. Ya ga likita. Ya riƙa aiki kaɗan-kaɗan, yana hutawa. Ku maƙwabta, ku yi masa gayya, kada damina ta wuce shi.

Kai da ka yi yaƙi da jahilci, karanta wa mutanen gidanku wannan. Lafiya uwar jiki. Allah ya ba mu damina mai albarka.