Rigar Gawayi a Fuskar Madubi

Ya ku malamai da attajirai, ku sani bayan jan launi na bakan gizo akwai wani haske wanda ido ba ya riska, watau hasken zafi. Wani masanin taurari a Ingila, Wiliyam Hashal, shi ya gano shi a 1800, sa'ad da ya ga ma'aunin zafi ya hau a gurbin da babu launi. Kowane jiki mai ɗumi yana fid da wannan haske dare da rana. Da shi na'urar 'yan kwana-kwana ke ganin mutum cikin duhu da hayaƙi.

Amma gilashi ba ya barin sa ya ratsa. Saboda haka akan sassaƙa madubin na'urar da wani ma'adini mai tsada, jamaniyam, wanda aka gano a Jamus a 1886. Aibinsa biyu ne. Kowace fuska tasa tana mai da fiye da sulusin hasken baya, sa'an nan yashi yana karce shi.

Maganin ya fito daga abin da aka raina. Gawayi da dutsen daimon asalinsu ɗaya, shi ne kabon, tsarin ginin ƙwayoyinsu ne ya bambanta su. A 1971 masana biyu a Amurka suka bayyana yadda suka shimfiɗa kabon siriri mai tauri kamar na daimon. Akan sa madubin cikin tukunyar da aka zuƙe wa iska, a saki gas mai kabon, lantarki ya farfasa shi, kabon ya kwanta a fuskar. Kaurin rigar kamar kashi 1 cikin 1,000 ne na milimita. Tana rage hasken da ke komawa baya, tana jure yashi da ruwan gishiri.

Sai dai tana da haddi. In ta yi kauri sai ta ɓamɓare, kamar tawadar da aka cika wa allo, gama ƙwayoyinta a matse suke.

To, mai sayen irin wannan na'ura, ka tambaya ko fuskar waje ta madubin tana da rigar kabon. In babu, ƙura za ta ci dukiyarka tun ba ka mai da uwar kuɗi ba.

Wassalam.