Kalmomin Amincewa da na Janyewa a Akwatin Tambaya na Wayar Hannu: Misalin Lafiya

1.0 Gabatarwa

Lafiya, wadda ta zama hedkwatar Jihar Nasarawa a shekarar 1996, gari ne da Hausa ke haɗa Beriberi da Eggon da Alago da Gwandara a kasuwa. A farkon shekarar 2023, lokacin da takardun naira suka yi ƙaranci sakamakon sauya fasalinsu, ciniki da yawa ya koma ta wayar hannu. Kafin kuɗi su fita, wani ɗan akwati kan bayyana a fuskar waya yana neman a amince ko a janye. Manufar wannan maƙala ita ce duba kalmomin Hausa da suka dace da maɓallan wannan akwati, domin kuskuren taɓawa ɗaya kan jawo asarar dukiya.

2.0 Kalmomin Amincewa

Kalmar da ta fi saurin zuwa bakin mai fassara ita ce *to*. Sai dai Bahaushe kan ce *to* don nuna ya ji magana kawai, ba lalle ya yarda ba. A baki, karin sauti da yanayin fuska ke bambancewa, amma rubutu bai ɗauke da su. Haka kuma *i* da *a'a* kan rikitar da mai karatu idan tambayar korarriya ce, kamar *Ba za a aika ba?* Don haka ya fi kyau maɓalli ya ɗauki aikatau da karɓau, misali *Aika kuɗin* ko *Goge hoton*. Tambayar kuwa a gina ta da wakilin suna *a*, wato *A aika N5,000?*, don kauce wa zaɓi tsakanin *ka* da *ki*.

3.0 Kalmomin Janyewa

Kalmomi biyu ke takara a nan:

(1) *soke*: rushe abin da aka riga aka ƙulla;
(2) *fasa*: barin abin da aka yi niyya.

Ta fuskar ma'ana (2) ta fi dacewa, tunda ba a aika komai ba tukuna. Matsalarta ita ce daidaitacciyar Hausa ba ta nuna tsawon wasali, saboda haka *faasàa* da *fasàa*, wato farfasawa, rubutunsu ɗaya ne. Ita kuwa (1) takan haifar da ruɗani idan tambayar kanta ta sokewa ce: a ƙarƙashin *A soke cinikin?*, maɓallin *Soke* na iya nufin amincewa ko janyewa. Mafita ita ce korewa ƙarara: *Kada a aika*.

4.0 Janyewa Ba da Kalma Ba

Mai waya kan taɓa gefen akwatin ko maɓallin komawa baya, akwatin ya ɓace. Wajibi ne manhaja ta ɗauki wannan a matsayin janyewa, ba yarda ba, domin yatsa kan zame. Wurin maɓalli ma yana da tasiri: tun daga shekarar 2011 tsarin Android ke sanya amincewa a dama, alhali Windows ta saba sanya ta a hagu. Wanda hannunsa ya saba da ɗaya, kalmar ce kaɗai za ta tsare shi a ɗayan.

5.0 Kammalawa

An nuna cewa fassarar kalma da kalma ba ta wadatar a wannan fage. Ga mai saye da sayarwa a Lafiya, wanda sau da yawa Hausa harshensa na biyu ce, maɓalli nagari shi ne wanda ke faɗin aikin da zai auku idan an taɓa shi, ko da ba a karanta tambayar ba.